Kafin 'Yan Sanda Su Iso

Malam Edita, ina roƙonka ɗan fili a shafukan Hausa na wannan mujalla tamu, domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wani al'amari wanda ba a son ambatonsa cikin taro. Na sani waɗansu za su ce ina ruwan kwalejin horon malamai da zancen mutumin da ya nemi halaka kansa, ai wannan aikin likita ne da ɗan sanda da alƙali. Ni ma a da haka na ɗauka, sai da aka tura ni gwajin koyarwa wani ƙauye a ƙasar Kuje cikin watan Yuni na 2024, na ga abin da na gani da idona.

Wanda bai san Kuje ba, bari in ɗan kwatanta masa, don ba za a gane maganata ba sai an san wurin. Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, tana kudu maso yamma da tsakiyar Abuja, tafiyar kamar kilomita 40. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce da Gade, manoman doya da masara da dawa, sarkin Kuje kuwa shi a ke kira Gomo. Tun da Janar Murtala Muhammad ya tsai da shawarar kafa sabon babban birni a 1976, balle da Gwamnati ta tare a Abuja a 1991, baƙi ke ta kwararowa. Wanda kuɗin haya ya kora daga cikin birni, da wanda aka rushe wa gida, da lebura, da magini, da ɗan acaɓa, da ƙaramin ma'aikaci, duk sai su gangaro Kuje. A ƙidayar 2006 mutanenta kimanin 97,000 ne, yau kuwa ko makaho ya san sun wuce haka nesa. Ga ƙasar da faɗi, ta fi murabba'in kilomita 1,600. Daga cikin gari zuwa su Rubochi da Gwargwada da Kabi tafiya ce sosai, in ruwa ya sauka kuwa, hanyar ƙauye sai a hankali. Watau wuri ne na baƙi, mutum ya kan shekara a ɗaki, na ɗakin da ke jikin nasa bai san sunan mahaifinsa ba.

Ran nan wata Laraba, bayan la'asar, ina zaune gindin mangwaro ina duba littattafan yara, sai na ji ihu wajen gidan bulo da ke bayan makaranta. Ko da na isa na tarar da mutane sun kai talatin sun yi da'ira, a tsakiya ga wani saurayi kwance, bai fi shekara ashirin da biyar ba. Lebura ne, ya zo cin rani daga nesa, rani ya wuce bai koma ba. Aka ce maganin ƙwari na gona ya sha. Ba wanda ya san sunansa na yanka, da sunan garinsu a ke kiransa. Kowa na magana, ba mai taɓa shi. Wani na cewa a kawo manja, wani na salati, wani na cewa ai wannan ya gama ɓata lahirarsa. Samari uku ko huɗu sun ɗaga waya suna ɗaukar hotonsa.

Ni kuwa me na yi? Kada in yabi kaina a banza. Na karɓi lambar wani ƙaramin caji ofis wajen hedimasta, na buga. Da na duba agogo, ƙarfe biyar da minti goma ne. Aka ɗauka, na yi bayani, aka ce mota ta fita, amma za a sanar da su, kada kowa ya taɓa kome. Sai na ji wani sanyi a raina, kamar na sauke kaya. Na koma cikin da'ira na tsaya, in dubi agogo in dubi hanya, ina ce wa mutane, "An kira su, suna zuwa." Na yi minti goma sha biyar a haka. Ni ne mai ilmin wurin, ni ne mai farar riga da alƙalami a aljihu, abin da ilmina ya tsinana ke nan, na zama mai gadin agogo.

Wata dattijuwa ce ta raba mu da wannan tsayuwa, 'yar Gbagyi, mai tuyar ƙosai a bakin makaranta. Ta ratso mutane da zanenta duk mai, ta durƙusa, ta ɗaga kansa ta ɗora a cinyarta, tana cewa, "Ɗana, buɗe ido. Ɗana, ga ni nan." Sa'an nan ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, 'yan sanda allura gare su? Kira mini yaron can mai babur." Ɗan acaɓa ya yi turus, ya ce, "Mama, in ya cika a kan mashin ɗina fa? Ni za a rufe." Ta ce, "In za a rufe, a rufe ni, ni na sa ka." Muka ɗora shi a tsakiya, ɗan acaɓa a gaba, ni a baya ina rungume da shi, muka kama hanyar asibiti cikin taɓo. Ita kuma ta biyo mu a kan wani babur, ta bar kaskonta a wuta.

Malamin asibiti ya karɓe shi, aka yi ta yi masa allurai, aka sa masa ƙarin ruwa. Daga baya ya ce mini da an ƙara rabin awa, da wani zancen a ke yi ba wannan ba. 'Yan sanda biyu suka iso ƙarfe bakwai saura minti goma, watau awa ɗaya da minti arba'in bayan na buga waya. Sun fara zuwa gidan bulo, aka ce musu mun wuce, suka biyo sawunmu.

To, nan na ke so a saurare ni da kyau, kada a ce ɗalibi ya sami fili yana zagin hukuma. Ban ga mugunta ga sajan ɗin nan ba. Dattijo ne mai furfura, takalminsa duk laka. Ya ce mini, "Malam, mota ɗaya gare mu, ƙauyuka kuwa ka san yawansu. Muna can wajen rigimar gona aka kira mu." Na kuwa gaskata shi. A 2023 shugaban 'yan sandan Nijeriya na lokacin, Kayode Egbetokun, da bakinsa ya ce ana bukatar ƙarin 'yan sanda kamar 190,000 kafin yawansu ya dace da yawan jama'ar ƙasar nan. Mutanen Kuje kuwa ba sai an ba su labarin ƙarancin tsaro ba. Daren 5 ga Yuli 2022 aka fasa babban gidan yarin da ke garin, fursunoni fiye da 800 suka fice. In gidan yari da katangarsa da masu gadinsa ya ga haka, ina ga lebura a bayan gidan bulo?

An yi ƙoƙari, ban ce ba a yi ba. A watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar kiran gaggawa ta Abuja, mai lamba 112, wadda a ke bugawa kyauta, su kuma su haɗa mutum da 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko motar asibiti. Ya kamata ko wane ɗayanmu ya haddace ta, ni ranar ko tunawa da ita ban yi ba. Amma lamba ba ta gajarta hanya, ba ta kuwa busar da taɓo. Ko an ninka 'yan sanda sau biyu, lalle akwai wani lokaci tsakanin kira da isowa, minti ashirin ne ko awa biyu, wanda ba kowa a wurin sai mu da Allah ya tsayar kusa. A cikin wannan lokacin ne ran mutum ke tsayawa ko ya fita. Saboda haka makarar sajan ba ta hana ni barci kamar tsayuwarmu mu talatin.

Na yi ta juya wannan a raina. Ban yarda da masu cewa tausayi ya ƙare a zukatan mutanen yanzu ba. Mutanen nan da suka yi da'ira, su ne in gobara ta tashi za ka gan su da bokiti, su ne in an yi rasuwa za su bar aikinsu su haƙa kabari ba a ba su ko kwabo ba. Tsoro ne ya ɗaure su, tsoron kuwa yana da tushe. Ɗan acaɓan nan ya faɗi abin da ke ran kowa. Mun taso muna jin labarin wanda ya ɗauki mai rauni ya kai asibiti, aka ce sai ya kawo takardar 'yan sanda, ya je caji ofis aka ce ya rubuta bayani, daga rubuta bayani ya kwana bayan kanta, sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo aka yi belinsa. Ko da sajan ya tambaya wa ya kawo yaron, muka waiwaya, ashe ɗan acaɓa ya sulale tuni, ko kuɗin mai bai tsaya karɓa ba.

Abin haushi, doka ta riga ta yi magana a kan wannan, mu ne ba mu sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ko wane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa ko wane dalili. Wanda ya ƙi kuwa ana iya cin sa tarar Naira 100,000, ko a ɗaure shi wata shida, ko a haɗa masa duka biyu. A 2017 kuma aka yi wata doka game da waɗanda aka harba da bindiga, ta ce a yi musu magani ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo su, kada a dame shi da tambayoyin wulaƙanci. Da muka dawo kwaleji na tambayi 'yan ajinmu, ban sami ko mutum ɗaya da ya taɓa jin labarin waɗannan dokoki ba. Mu ke nan da za mu tsaya gaban yara mu koya musu haƙƙin ɗan ƙasa.

Amma akwai wata dokar, wadda ita kam ta ba tsoron nan gaskiya. Da sajan ya gama tambayoyinsa, ya tsaya bakin gadon yaron ya daɗe yana dubansa, littafinsa a buɗe. Can ya ce mini a hankali, "Malam, ka san in na rubuta abin nan yadda ya faru, in ya warke kotu zan kai shi?" Na ce, "Yallaɓai, kotu kuma? Da wane laifi?" Ya ce, "Laifin abin da ya yi wa kansa." Ya rufe littafin ya sa aljihu, ya ce Allah ya ba shi lafiya, suka tafi.

Da na bincika, ashe gaskiyarsa. Dokar Final Kod, wadda aka yi wa Jihar Arewa ta fara aiki a 1960, kuma kotunan Birnin Tarayya suka gaje ta, tana da sashe na 231, wanda ya ce duk wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya, ko a ci shi tara, ko duka biyu. Ran da muka ɗauki yaron nan a babur, sashen yana nan daram. A dokar laifuffuka ta kudu ma akwai irinsa, sashe na 327. In ka bi salsalar abin, Final Kod daga dokar Sudan aka kwaikwayo ta, ita kuma daga ta Indiya, wadda Turawan Ingila suka tsara tun 1860. Ga abin dariya ga abin kuka, su Ingila ɗin a 1961 suka cire wannan daga cikin laifuffuka a ƙasarsu, shekara ɗaya tak bayan tamu ta fara aiki. Suka ɗinka mana riga, suka tuɓe tasu, mu muka yi ta sawa fiye da shekara sittin.

Kada a ce sashen barci ya ke yi. Cikin watan Yuli na 2024 ɗin nan wani mutum ya hau dogon ƙarfen gidan rediyo a kan dutsen Katampe cikin Abuja, yana kukan tsadar rayuwa da rashin tsaro, ya ce ba zai sauko ba. Nan kam an zo, 'yan sanda da ma'aikatan agaji suka yi ta lallashinsa har ya sauko da ransa. Wannan aikin yabo ne, ya kuma nuna suna iyawa. Amma sanarwar da ta biyo baya ita ce za a kai shi kotu, cikin laifuffukan da aka lissafa har da yunƙurin kashe kai. Ka ɗauka uwa ce, ɗanta na cikin irin wannan hali, ta ji wannan a rediyo. Za ta kira ɗan sanda? Sai dai ta kulle ƙofa, ta ɗura masa manja, ta ce wa maƙwabta zazzaɓi ne.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun gyara. Majalisar Gana ta cire wannan laifi a 2023, babbar kotun Kenya ta ce nasu sashen ya saɓa wa tsarin mulki a watan Janairu na 2025. A nan gida, Jihar Legas ta ba alƙali ikon aika irin wannan mutum asibiti maimakon gidan yari. A farkon 2023 aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ita ba ta taɓa sashe na 231 ba. A watan Satumba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce Gwamnati na aiki don a cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka. Magana ce mai kyau. Sai dai ran da aka share sashe daga littafin doka ba ita ce ran da a ke share shi daga zukatan mutane ba, wannan sharar ta biyu aikin mumbari ce da aikin aji.

Wani abokina a ɗakin kwananmu, mai tsoron Allah ne ƙwarai, ya ce mini in aka cire hukunci ai an halatta abin ke nan. Na ce masa ba wanda ya ce halal ne. Musulunci ya hana, addinin Kirista ya hana, ba mai gardama. Amma addinin da ya hana mutum halaka kansa bai ce wa na kusa da shi ya naɗe hannu ya yi kallo ba. Hukuncin lahira na Mai lahira ne, mu abin da ke wuyanmu shi ne ga mutum yana numfashi a gabanmu. Pakistan a 2022 da Malesiya a 2023 duk sun zartar da cire hukuncin, ba a kuwa ce sun bar addini ba. Banda haka, wanda baƙin ciki ya kai shi ga ƙin ransa, ɗaurin shekara ɗaya ne zai razana shi? Mai kai shi asibiti kaɗai dokar ta ke razanawa.

Sai abokin nawa ya sake ɓullowa ta wata hanya, ya ce wanda ya yi niyya, ko ka cece shi yau, gobe zai koma. Wannan magana kowa na faɗinta, ba ta kuwa da ƙarfi. A 1978 wani malamin jami'a a Amurka, Richard Seiden, ya bi sawun mutum 515 waɗanda aka tare a babbar gadar Golden Gate ta San Faransisko tsakanin 1937 da 1971. Bayan kimanin shekara 26, ya tarar 94 cikin 100 ko suna da rai, ko sun yi mutuwar ajali irin ta kowa. Watau abin kamar hadari ne, ya kan haɗu ya yi baƙi ƙirin, in an sami mai riƙe mutum sai ya washe. Don haka ma nisanta guba daga hannu ke ceton rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 700,000 ke mutuwa ta haka ko wace shekara, kamar ɗaya cikin biyar kuwa da maganin ƙwari ne, galibi a ƙasashen manoma. Da Siri Lanka ta hana shigo da mafiya dafi daga cikin magungunan nan, mace-macen suka ragu da kamar kashi 70 cikin 100 daga 1995 zuwa 2015. A nan ma, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben waɗansunsu a kasuwa barkatai. Amma shiga ɗakin manomi a ƙauyukan Kuje ka duba ƙarƙashin gado, ka ga inda a ke ajiye su.

'Yan'uwana da muka yi darasin ilmin halayyar ɗan Adam za su tuna da gwajin Darley da Latane na 1968. An sa ɗalibi a ɗaki shi kaɗai, yana jin muryar wani ta na'ura, can sai mai muryar ya yi kamar farfaɗiya ta kama shi. In ɗalibin yana zaton shi kaɗai ke ji, 85 cikin 100 suka tashi neman taimako. In yana zaton akwai waɗansu huɗu da ke ji, sai 31 kawai. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci maki mai kyau, amma ban gane shi ba sai a bayan gidan bulo. Mai ƙosan nan ba ta taɓa jin sunan Darley ba, amma ita ta yi maganin abin. Ba ta ce "jama'a a taimaka" ba. Ta nuna mutum ɗaya, ta ba shi aiki ɗaya, ta kuma ɗauke masa abin da ya ke tsoro ta ɗora a kanta.

Ba kuma addininsu ɗaya da yaron ba, ba harshensu ɗaya ba, da Hausar kasuwa suka san juna, in ma sun san juna. Wannan ya tuna mini da abin da kakanninmu su ke ba da labari. A da baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi wajen mai unguwa, a ba shi masauki, mai masauki ya san inda ya fito da inda za shi, in ya kwanta ciwo shi ke jinyarsa. Baƙon yanzu dillali ke ba shi mabuɗi, shi ke nan. Ba kuwa sai an koma zamanin fatake ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, ko wane majinyaci da ɗan'uwansa ɗaya, da rana su je asibiti, da dare su kwana cikin mutane. Ƙauyawa suka karɓi baƙin da kowa ke gudu, har duniya ta zo kallo. A 'yan shekarun nan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta fi mutum miliyan 200. Ashe ba ɗan sanda kaɗai ke da nisa ba, likitan ma haka.

To, wa ke kusa? A ƙauye malamin makaranta na cikin na kusa. Shi a ke kawo wa takarda ya karanta, shi a ke kira in abu ya faru, shi kuma ke ganin yaro kullum har ya gane ran da ya daina dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kashe kai cikin manyan sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29, watau tsararmu da ƙannenmu. Akwai wani limamin coci a Ingila, Chad Varah, jana'izar da ya fara yi a 1935 ta wata 'yar yarinya ce wadda ta fara ganin jinin al'ada, ta zaci mugun ciwo ne, ba ta sami wanda za ta tambaya ba, ta halaka kanta. Abin bai bar ransa ba, har a 1953 ya sa lambar tarho a Landan ya ce duk wanda duniya ta yi wa ƙunci ya buga, za a saurare shi. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. Yarinyar nan ba likita ta rasa ba, da malama ɗaya ta yi mata bayanin minti biyar da ta isa.

Ga abin da malamin asibitin nan ya koya mini a tsaye a baranda, na ga bai kamata in riƙe ni kaɗai ba. Wanda ya sha guba, kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin ya kan koma huhu ya ƙara ɓarna. A kwantar da shi ta gefe, a cire masa rigar da maganin ya zuba a kai, a ɗauki kwalbar a tafi da ita don likita ya gani, a kama hanya nan da nan, waya kuwa a buga ta ana tafiya. Wanda kuma bai kai ga yin kome ba, amma yana maganar ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa, ko yana ban kwana ba tafiya, kada a bar shi shi kaɗai, kada a rufe shi da faɗa. A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ne. Ya ce tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi ya kan ji an tambaye shi. Sa'an nan a kawar da abin cutarwa, a gaya wa babba mai rufin asiri, a raka shi asibiti. Asibitin koyarwa na Gwagwalada da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja duk suna da likitocin wannan fanni.

Roƙona ga Shugaban Kwaleji da malamanmu, Allah ya ƙara musu girma, shi ne kafin a sake tura wani aji gwajin koyarwa, a ware ko kwana biyu ne a koya mana taimakon farko da hannu, ba a allo ba. A gayyato likita, a gayyato babban ɗan sanda, su zauna a teburi ɗaya mu yi musu tambayoyi. Ran 10 ga Satumba ce ranar da duniya ta keɓe don wannan al'amari tun 2003, sai dai ni ba maci da kwalaye na ke roƙo ba. Su kuma 'yan sanda, ban ce su sayi mota gobe ba, na san ba a hannun sajan kuɗin ya ke ba. Amma mai ɗaukar waya yana iya cewa, "Ku kai shi asibiti maza, mu same ku can," maimakon "kada a taɓa kome." In sun iso kuma su sallami wanda ya taimaka da godiya, a gaban jama'a, don masu kallo su gani. Wannan ba ya cin ko lita ɗaya ta mai.

Yaron ya yi kwana shida aka sallame shi. Dattijuwar nan ce ke kai masa kunu safe da yamma. Da bakinsa ya buɗe ya ce mini wata uku ba a biya shi kuɗin aikinsa ba, ga mahaifiyarsa ba lafiya, ga kunyar komawa gida hannu rabbana, ya kuma daɗe ba ya barci, ba wanda ya gaya wa. Mai unguwa ya sa aka yi karo-karo, aka sami lambar wansa, ya zo ya tafi da shi, da takardar likita ta wani babban asibiti kusa da garinsu.

Ana jibi zan bar ƙauyen na je neman ɗan acaɓan nan, na same shi a mararraba cikin 'yan'uwansa. Da ya hango ni sai ya kai ƙafa zai ta da babur, yana zaton sammaci na kawo. Na ce, "Tsaya, kuɗinka na kawo maka." Ya dube ni, ya ce, "Malam, ya tashi?" Na ce ya tashi, har ya tafi gida. Ya yi shiru, ya dubi kuɗin a hannuna, sa'an nan ya ce, "To, kai wa Mama, ƙosanta ne ya ƙone ran nan."